Kafin Taya Ta Juya: Abubuwan Da Sabon Direba Zai Saba Da Su

Mai koyon mota hankalinsa yakan tafi ne kan abin da zai faru bayan an tashi: yadda zai saki kuloci injin bai mutu ba, yadda zai sha kwana, yadda zai yi ribas bai goge bango ba. Duk wannan koyo ne mai kyau. Amma akwai wasu mintuna biyar da ba a cika koyar da su ba, waɗanda ke tsakanin ɗaukar makulli da juyawar taya, kuma a cikinsu kaɗai direba yake da cikakken sukuni. Abin da bai gyara ba mota tana tsaye, zai gyara shi tana gudu, da hannu ɗaya da rabin hankali. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda. In ka sunkuya daƙiƙa uku kana jan kujera, ka yi tafiyar mita 80 da 'yan kai idonka ba ya kan hanya.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce haɗarin hanya yana cin ran mutum kusan miliyan 1.19 a duk shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Yawancin sababbin direbobi a cikin waɗannan shekarun suke. Sai dai sabon direba yana da abin da tsohon hannu ya rasa: bai riga ya saba da mummunar ɗabi'a ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shi ya sa nake son ka bi matakan nan a jere, jeri iri ɗaya kullum, har jikinka ya haddace su, ranar da kake cikin gaggawa hannunka ya yi su ko hankalinka yana wani wuri.

Mataki na farko: kai kanka

Kafin ka duba mota, duba direban. Ka yi barci? Wani bincike da aka yi a Ostareliya aka wallafa a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, hankalinsa da saurin martaninsa sukan yi ƙasa kamar na wanda ke da kashi 0.05 cikin ɗari na barasa a jininsa, wato iyakar da dokar ƙasashe da yawa ta hana tuƙi daga kanta. Buɗe taga da ƙure rediyo ba sa korar barci, jinkirta shi kawai suke yi na ɗan lokaci. In idonka yana yaji, kana hamma a kai a kai, ka kwanta ko na minti ashirin ne, ko ka ba wani makullin.

Magani ma haka. Magungunan mura da na ƙaiƙayi da yawa, da wasu na tari da na ciwo, suna saukar da kasala. Karanta takardar da ke cikin kwalin, in an ce kada a yi tuƙi, to da kai ake. Barasa da sauran kayan maye kuwa babu wani "kaɗan" a cikinsu. Sannan akwai wanda ba a cika ambata ba, wato ɓacin rai. Wanda ya fito daga rigima yana huci, ƙafarsa takan yi nauyi a kan totur bai sani ba. Zauna tukuna zuciya ta sauka.

Duba ƙafarka. Silifas yana zamewa, yana kuma maƙalewa a ƙarƙashin birki; takalmi mai tsini ko mai kaurin ƙasa yana hana ka jin yadda kake takawa. Ajiye takalmi mara nauyi mai kama ƙafa a cikin motar, ka riƙa sauyawa. In da tabarau kake gani, sa shi tun yanzu. Lasisi da takardun mota da na inshora su kasance a wuri ɗaya da ka sani.

Mataki na biyu: zagaya motar

Kada ka shiga ta ƙofar direba kai-tsaye. Bi ta baya ka zagayo. Wannan zagayen bai kai minti ɗaya ba, kuma a wurina ya fi duk sauran matakan daraja. Wata safiya na fito a makare, na buɗe ƙofa har na sa ƙafa ɗaya, sai sabo ya ja ni na koma na zagaya. A bayan motar, daidai ƙarƙashin bamba, na tarar da yaro ɗan shekara biyu a tsugune yana wasa da ƙasa. Babu madubin da zai nuna mini shi. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Yara, dabbobin da ke neman inuwa ko ɗumin inji, dutse, kwalba, keke da aka jingina: dukkansu a wannan zagayen ake ganinsu.

Yanzu taya, kuma a nan zan daɗe, domin duk girman mota, abin da ke taɓa ƙasa a kowace taya bai wuce faɗin tafin hannu ba. Birki da sitiyari duk ta waɗannan tafuka huɗu suke aiki.

Kullum ka kalli kowace taya: ta kwanta? Akwai ƙusa? Akwai tsaga ko kumburi a gefenta? Kumburin gefe alama ce cewa zaren ciki ya tsinke, irin wannan tayar faci ba ya mata magani, canzawa ake yi. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai a kan iskar taya ido yana yaudara: tayoyin zamani sukan rasa iska mai yawa kuma a gan su tsaye kamar lafiya lau. Sayi ƙaramin geji naka, ka auna aƙalla sau ɗaya a wata da kuma kafin kowace doguwar tafiya. A auna taya tana sanyi, wato motar ta yi kamar awa uku a tsaye, saboda zafin tafiya yana ɗaga awon. Kuma kada ka bi lambar da ke jikin tayar, wannan iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Awon da ya dace da motarka yana kan wata 'yar takarda da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ko a murfin tankin mai, ko a littafin motar. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasa fiye da kima yayin juyawa, lanƙwasar ta haifar da zafi, zafin kuma shi ne ke fasa taya ana cikin gudu.

Duba zanenta. A cikin ramukan zanen akwai wasu ƙananan tudu na roba da aka yi a zurfin milimita 1.6, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da doka ta yarda da shi a ƙasashen Turai da wasu da dama. In saman tayar ya yi daidai da tudun nan, ta gama aiki. Ramukan su ne ke kore ruwa daga ƙarƙashin taya. Taya mai sanƙo a kan jiƙaƙƙen titi sai ta hau kan ruwa ta yi ta sulɓi, ka murɗa sitiyari ya ƙi amsawa. Taya kuma tana tsufa ko ba a mora ta ba. A gefenta, a ƙarshen jerin da ya fara da haruffan DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Ka ga 2321, an ƙera ta a mako na 23 na 2021. Wasu kamfanonin mota sun ce a canza bayan shekara 6, masu ƙera taya da yawa kuma sun ce kada ta wuce 10 ko da zanenta yana nan. Safaya ma taya ce, a riƙa auna ta, a kuma tabbatar jak da sifanar kwance noti suna cikin but.

Kafin ka miƙe, leƙa ƙarƙashin motar. Ruwa garau a wajen gaba bayan an yi amfani da na'urar sanyaya ciki ba komai ba ne. Baƙin ɗigo mai maiƙo baƙin mai ne. Ruwa mai launi, kore ko ja ko ruwan hoda, yawanci na lagireto ne. Ɗigo mai santsi kusa da taya ta ciki yana iya zama man birki, kuma da wannan ba a tafiya ko'ina. In ka ji warin fetur mai ƙarfi, kada ma ka murɗa makulli, kira bakanike.

Goge gilashi da madubai da fitilu. Sau ɗaya a mako ka sa wani ya tsaya a baya ka taka birki, ka kunna sigina ta kowane ɓangare. In kai kaɗai ne, matsa da bayan motar kusa da bango da dare, za ka ga jan hasken a jikinsa.

Mataki na uku: ƙarƙashin bonet

Wannan ba na kullum ba ne ga mota mai lafiya. Sau ɗaya a mako ya isa, da kafin doguwar tafiya. Tsohuwar mota kuwa a ƙara yawan dubawa. Motar ta tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri, injin a kashe kuma ya huce. Zare sandar awon baƙin mai, goge ta, mayar da ita har ƙarshe, sake zarowa: man ya tsaya tsakanin alamomi biyun. Cika shi ya wuce alama ma illa ce. In ka ga ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga, sai bakanike. Ruwan lagireto ana duba shi ta jikin farar robar da ke gefe. Kada ka taɓa buɗe murfin lagireto injin yana da zafi. Ruwan yana cikin matsi, zai yi tsartuwa ya ƙona fuska da hannu. Man birki in ya yi ƙasa, kada ka ƙara kawai ka rufe. Tambayi dalili: ko dai takalman birki sun cinye, ko akwai inda yake yoyo. Ƙara ruwan wanke gilashi, ka kalli kan batir ko ya kama farin gari. In ka rufe bonet, ɗaga shi kaɗan da hannu ka tabbatar ya kama.

Kaya masu nauyi su tafi but, a matsa su jikin bayan kujera. Duk abin da aka bari sake a cikin mota, ranar taka birkin gaggawa zai taso kamar an jefo shi. Abin da na fi tsoro shi ne robar ruwa a ƙasan kujerar direba, domin tana iya gangarowa ta shige ƙarƙashin birki. Shimfiɗar ƙafa ma a tabbatar tana maƙale a mazauninta, ba ta turo kan totur ba.

Mataki na huɗu: zama

Jerin nan yana da dalili: kujera, sitiyari, matashin kai, madubai, sannan bel. In ka fara da madubi ka dawo ka ja kujera, ka ɓata aikin farko.

Manna bayanka da ƙugunka a jikin kujera. Taka kuloci har ƙasa, ko birki in motar otomatik ce. Gwiwarka ta rage ɗan lanƙwasa; in ƙafa ta miƙe sambal ka yi nisa, ba za ka iya danne birki da dukkan ƙarfinka ba. Miƙa hannu ka ɗora a saman sitiyari: wuyan hannunka ya sauka a kai ba tare da kafaɗarka ta rabu da kujera ba. Sababbin direbobi sukan matso har ƙirji ya kusa taɓa sitiyari, wai don su ga hancin mota. Bar aƙalla santimita 25 tsakanin ƙirjinka da tsakiyar sitiyari, saboda jakar iska, wadda ke kumburowa daga cikin sitiyari in an yi karo, tana fitowa ne da ƙarfi cikin ƙasa da ƙiftawar ido, wanda ya matse ta kuwa ita za ta ji masa ciwo. Riƙe sitiyari da hannu biyu, a inda ƙarfe 9 da ƙarfe 3 suke a fuskar agogo. A motar otomatik, ƙafar dama ce kaɗai ke aiki, ita ke taka totur ita ke taka birki, ta hagu ta huta a gefe.

Abin da ke saman kujera mutane suna ɗaukarsa matashin hutawa, alhali don wuya aka yi shi. In aka buge ka ta baya, jiki yakan yi gaba kai ya yi baya, shi ne ke tare kan. Ɗaga shi samansa ya yi daidai da saman kanka, kuma ya matso kusa da ƙeyarka.

Madubin tsakiya ya ɗauko gilashin baya gaba ɗaya ba sai ka motsa kai ba. Na gefe kuma a buɗe su waje har sai ɗan siririn gefen motarka kawai ya rage a ciki. Motarka ba za ta buge ka ba, ba sai ka cika madubi da ita ba. Ka sani madubin gefe mai ɗan tudu yana nuna abu kamar yana nesa alhali yana kusa. Kuma duk yadda ka gyara su, akwai wani yanki daga kafaɗarka zuwa baya da madubi ba ya kamawa, inda babur ko mota sukutum za ta iya ɓuya. Maganinsa waiwaye.

Sai bel. Wannan mai maɗauri uku da muke amfani da shi, injiniya Nils Bohlin ne ya ƙirƙiro shi wa kamfanin Volvo na Suwidin a 1959, kamfanin kuma ya bar sauran masu ƙera motoci su yi amfani da fasahar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana rage haɗarin mutuwar na cikin mota har da kusan rabi. Masu cewa "nan da nan ne, ba nisa" su yi wannan lissafin: karo a gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10. Ba hannun da zai dafe dashbod ya tare wannan. Ɓangaren bel na ƙasa ya kwanta a kan ƙashin ƙugu, ba a kan ciki ba. Na saman ya ratsa tsakiyar kafaɗa da ƙirji, ba wuya ba, ba ƙarƙashin hammata ba. Kada ya murɗe. Ja shi ya kama jiki. Mai juna biyu ma ta ɗaura, na ƙasan ya bi ta ƙarƙashin cikin. Masu maƙala shi ta bayan kujera don ƙarar gargaɗi ta yi shiru kuwa kansu suke cuta, domin jakar iska an yi ta ne ta taimaki bel, ita kaɗai ba ta riƙe mutum.

Mataki na biyar: waɗanda ka ɗauka

Sabon direba yakan ji nauyin ce wa babba ya ɗaura bel. Faɗa da ladabi, amma ka faɗa, kuma kada ka tashi sai an ɗaura. Na baya da bai ɗaura ba, in aka yi karo, jikinsa gaba zai yi ya danne na gabansa. Yawan mutane kada ya wuce yawan bel.

Yara a baya suke zama. Riƙe jariri a cinya ba kariya ba ce. A lokacin karo nauyinsa yakan ninka ninkin-ba-ninkin, ya fizge daga hannun uwar da ta fi kowa ƙaunarsa. Kujerar yara ta musamman, a ƙididdigar hukumar lafiyar nan, tana rage mutuwar jarirai da kashi 71 cikin ɗari. Kujerar jariri mai kallon baya ba a taɓa sa ta a gaba inda jakar iska ke aiki. Bel ɗin manya ba ya zama daidai a jikin yaro sai ya kai tsayin santimita 135 zuwa 150, kafin nan yana buƙatar abin da zai ɗaga shi. A gefen ƙofofin baya akwai ɗan maɓalli da ke hana buɗe su ta ciki, kunna shi.

Waya kuma a gama da ita yanzu. Kira wanda za ka kira, tura saƙon "na taso", saita taswira, zaɓi abin da za ka saurara, sannan ka sa ta a shiru ka ajiye inda hannu ba ya kai. Mai amfani da waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari da kusan ninki huɗu, kuma magana ta lasifika ba ta rage wannan sosai, tunda hankali ne ke tafiya ba hannu kaɗai ba. Hanyar ma ka san ta tun kafin ka tashi. Wanda bai san inda zai juya ba shi ne ke yanke layi ba zato.

Mataki na shida: tayar da inji

Birkin hannu a ja, giya a firi, ko a kan P in motar otomatik ce, ƙafa a kan kuloci ko birki. Murɗa makulli mataki ɗaya kafin tayarwa, ka kalli dashbod. Fitilun gargaɗi za su kama gaba ɗaya, motar tana gwada kanta ne. Lura da wadda ta ƙi kamawa, musamman ta baƙin mai, ta jakar iska da ta ABS, wato na'urar da ke hana taya cijewa yayin taka birki, domin fitilar da ta mutu ba za ta gargaɗe ka ba ranar da ake buƙata. Bayan inji ya tashi su mutu cikin 'yan daƙiƙu, sai ta birkin hannu da za ta jira ka sauke shi. Jar fitila tana nufin tsaya; mai ruwan ɗorawa tana nufin a duba ba da jimawa ba. In jar fitila mai siffar butar mai ta ƙi mutuwa, kashe injin nan take, domin mai ba ya zagayawa, kuma mintuna kaɗan sun isa su lalata shi. Kalli gejin mai. Kada ka bar inji yana aiki a rufaffen gareji. Hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar guba da ba ta da launi ba ta da wari.

Injin zamani ba ya buƙatar dogon ɗumi, rabin minti ya isa, sai ka tafi a hankali. Yi amfani da rabin mintin nan ka saurara, ka kuma taka birki da ƙarfi ka riƙe. Ya kamata ya tsaya daram a tsakiya. In ya yi laushi kamar soso, ko ya riƙa nutsewa a hankali har ƙasa, motar nan ba ta fita yau. In gilashi ya yi hazo, jira ya washe duka, kada ka share ɗan wuri da tafin hannu ka leƙa ta ciki. In motar aro ce, nemo maɓallin waifa, na fitila, na oda da na fitilun gaggawa tun kana tsaye.

Yanzu sa giya. Dubi madubin tsakiya, dubi na gefen da za ka fita, kunna sigina, sannan ka waiwaya ta kan kafaɗarka. Sigina sanarwa ce kawai, ba ta ba ka hanya. Jira sai an sami sarari na gaske. In da ribas za ka fita, tafi da saurin mai tafiya a ƙasa, kana waiwaye ta kowane ɓangare, kyamarar baya ta zama ƙari a kan idonka. In ka daɗe a zaune tun bayan zagayen da ka yi, kuma akwai yara a kusa, sauka ka sake dubawa ko ka sa babba ya tsaya ya ba ka hannu. Gobe kuma in za ka ajiye motar, shiga da baya don ka fita da gaba.

Sauke birkin hannu, ka bar motar ta gangara a hankali. A cikin mita goman farko, kafin ka shiga cikin motoci, taɓa birki sau ɗaya. Ta tsaya miƙe ba ta ja gefe ba, ba ƙara, ba karkarwa? Sai ka ƙara wuta.